Isnadin Tsirkiya

Wanda duk ya san Assamakka a shekarun 1990, sa'an nan ya komo ya gan ta a yau, zai tarar abubuwa da dama sun sake, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba a cika ambatonsa ba, watau ɓacewar kaset. A da, idan manyan motocin da ke ɗauko dabino da taliya da garin madara daga Tamanraset suka jeru a bakin ofishin duwan suna jiran a duba takardunsu, jiran da kan ɗauki kwana da kwanaki, ba ka rasa jin rikoda tana kuka daga ƙarƙashin wata mota, inda direba da yaransa suka shimfiɗa bargo a inuwa, suka hura gawayi, suka ɗora butar shayi, kowa da ke kusa kuma, ko an san shi ko ba a san shi ba, ya matso ya zauna. Yau motocin suna nan, 'yan duwan suna nan, rijiyar nan mai ruwa mai warin kibiritu tana nan, shayin ma bai fasa tafasa ba. Amma kowane saurayi ya toshe kunnuwansa da igiyar wayarsa yana kaɗa kai shi kaɗai, na kusa da shi bai san abin da yake ji ba, balle ya tambaye shi wane ne mai kiɗan.

A Arlit na tashi, ko da yake asalin iyayena daga ƙasar Adar yake, kuma neman abinci ne ya kawo su, kamar yadda ya kawo dubban Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani zuwa wannan gari da aka kafa a 1969 a tsakiyar hamada saboda ma'adinin yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a Akokan a 1978, har wuri da a da sai raƙuman Abzinawa ke ratsa shi ya zama gari mai wutar lantarki da asibiti da kasuwa da gidajen ma'aikata jeri jeri. Daga nan zuwa Assamakka kimanin kilomita 200 ne na rairayi da tsakuwa, a wancan zamani babu kwalta, babu inuwa, sai sawun waɗanda suka riga ka da 'yan alamomin da aka kakkafa. Daga Assamakka kuma kilomita 15 kacal ka shiga ƙasar Aljeriya. Ta wannan ƙofa, tare da dabino da man fetur, wani sabon kiɗa ya shigo mana, kuma a cikin aljihun riga ya shigo.

Kaset ɗin wancan zamani ba shi da hoto, galibi ma ba shi da rubutu, in ban da ɗan zanen Tifinag da wani ya yi da biro a gefensa. Daga rikoda zuwa rikoda ake kwafe shi, kowace kwafa kuwa tana ƙara masa shuu irin ta iska, har ya zamanto sautin jitar yana fitowa kamar daga bayan tudu. Kana jin tafin hannu, kana jin ƙarar 'yan kofunan shayi, wani lokaci ka ji tarin wani daga cikin waɗanda suka halarci ɗaukar, a wani ɗaki na Tamanraset ko na Libiya da ba za ka taɓa ganinsa ba. Idan batir ya yi sanyi a shanya shi a rana ko a ɗan cije shi don ya ƙara numfashi. Idan zaren ya tsinke a liƙe shi da jan farce. Ba a kuma yarda rikoda ta mayar da shi baya, domin tattalin batir, sai a zura biro a yi ta juyawa da hannu. Saboda wannan wahala ba a kunna kaset da wasa. Sai an tafasa shayi na farko mai ɗaci, hira ta lafa, sa'an nan mai rikoda ya danna, kuma kafin ya danna sai ya faɗi inda ya samo: wane ne ya ba ni a In Gezzam, shi kuwa daga wurin wane ya kwafa, mai kiɗan kuma Abdallah ne.

Abdallah ag Oumbadougou ke nan, wanda aka haifa wajejen 1962 a ƙasar Agadas, yana cikin samarin nan da fari na 1973 da na 1984 ya cinye dabbobin iyayensu, suka bazama Aljeriya da Libiya neman aiki, waɗansu suka ƙare a sansanonin soja na Gaddafi. A can suka haɗu da 'yan'uwansu na Mali, irin su Ibrahim ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, waɗanda suka soma ɗora waƙoƙin gudun hijira a kan jita tun wajejen 1979. A can kuma Abdallah ya kafa tasa ƙungiya, Takrist n'Akal, ya zama shi ne madugun wannan kiɗa a ɓangaren Nijar. Da abin da ya auku a Cintabaraden cikin watan Mayu na 1990 ya auku, inda aka kashe Abzinawa fararen hula masu yawa, tawaye ya ɓarke, sai waƙoƙinsa suka zama su ne jaridar mutanen da ba su da jarida, hukuma kuma ta haramta su, har ya kasance a kama mutum da kaset ɗinsa a shingen jandarma ba ƙaramar masifa ba ce. Mu da ba Tamajak muka tashi da shi ba, kaɗan muke tsinta daga cikin kalmomin. Abin da ya kama mu shi ne yadda tsirkiya take magana, tana hawa tana sauka a kan amo guda da ba ya yankewa a ƙasa, kamar mai ba da labarin da ya san ba za a bar shi ya ƙarasa ba.

Dattawan Abzin kuwa, da suka ji shi, ba su ɗauke shi baƙo ƙwarai ba, domin kunnensu ya riga ya saba da uwarsa. Tun kafin jita akwai anzad, goge mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki a kan ƙwarya da aka rufe da fata, wanda mata ne kaɗai suke goga shi, maza kuwa su zauna a natse, ba mai ɗaga murya, ba mai yin abin da zai zubar da mutuncinsa a gaban mai gogen, sai dai wanda ya iya ya rera baitocin yabo ko na bege a kansa. Akwai kuma tende, turmin daka da ake ɗaure wa fatar akuya a jiƙa ta da ruwa, mata su kewaye shi da tafi da guɗa, raƙuma su riƙa zagayawa bisa ga bugunsa. Mu ma Hausawa muna da namu goge da kukuma da gurmi da molo, muna kuma da kirarin da magabata suka yi wa goge, kan bidi'a, wanda ya isa ya nuna cewa malamanmu ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Abin da ya haɗa anzad da goge shi ne wuyansu ba shi da matakala: yatsa yana zamewa a kan izga daga amo zuwa amo ba tare da ya yi tsalle ba, yana bi ta cikin ƙananan muryoyin da ke tsakani, waɗanda su ne maƙogwaron ɗan Adam yake bi idan yana kuka ko yana kiran wanda ya yi nisa. Ita jita kuwa an gitta mata ƙarafa a wuya, an yanka mata amo gunduwa gunduwa bisa ga lissafin Turawa, saboda haka duk wanda ya taso da kunnen goge, idan ya riƙe ta, sai ya nemi dabarar da zai sa ta zame.

A nan ne tunanina yakan koma ga wata al'ada ta malaman zaure, ba don ina daidaita kiɗa da ilimin addini ba, hasha, sai don a wurinsu na ga ladabin da nake jin ya kamaci kowace sana'a. Malami ba ya karantar da littafi sai ya san daga wa ya karɓa, shi kuma wancan daga wa, har silsila ta kai ga mawallafi. Ranar saukar littafi kuma akan yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, domin an ɗauka cewa albarkar ilimi tana tare da sanin haƙƙin wanda ya ba ka. A wannan ƙasa ta Agadas Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, bai kuma gushe yana ambatonsa ba har ƙarshen rayuwarsa. Ƙanensa Abdullahi ma littafi guda ya wallafa don kawai ya lissafa shaihunan da ya ɗauka daga gare su. Makaɗa ba su da ijaza a rubuce, amma suna da isnadi, a cikin yatsu yake. Kuma idan ka bi isnadin jitar da samarin Agadas ke kaɗawa yau a gidajen biki, za ka ga ya rabu reshe biyu, ɗaya ya nufi tantin mai anzad, ɗaya kuwa ya haye teku ya kai ka ga wani mutum da ƙalilan ne a cikinsu suka taɓa jin sunansa.

Sunan mutumin Elmore James, baƙar fata ne, an haife shi a 1918 a jihar Misisipi ta Amurka, ƙasar gonakin auduga inda kakanninsa suka yi bauta. Tun yana yaro ya soma kiɗa da waya guda da aka ɗaure a jikin bangon bukka, ana bugunta da hannu ɗaya, ana zamar da kwalba a kanta da ɗayan, abin wasan 'ya'yan talakawan wannan yanki. Dabarar ta girme shi, gama tun 1903 wani makaɗi mai suna W. C. Handy ya ga wani mutum a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin jita. Bayansa kuma Son House da Robert Johnson sun shahara da sanya wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a yatsa, su zamar da shi bisa tsirkiya, ya haye ƙarafan nan ba tare da ya taɓa su ba, jita ta yi ta kuka da muryar mutum. Abin da ya fito da Elmore James shi ne wutar lantarki. Ya yi aiki a shagon gyaran rediyo a garin Canton, inda ya koyi yadda zai sarrafa na'urar ƙara sauti har ta ba da amo mai kaushi da ƙarfi, sa'an nan a 1951, a kamfanin Trumpet na birnin Jackson, ya ɗauki "Dust My Broom", waƙar da Robert Johnson ya riga ya ɗauka a 1936, ya buɗe ta da wani zamiya mai maimaita kansa da sauri, wanda tun daga ranar ya zama abin da kowane mai koyon wannan fanni yake fara gwada yatsansa a kai.

Ya rasu a Shikago cikin watan Mayu na 1963, da ciwon zuciya, yana da shekara 45, ana shirin kai shi Turai, bai tara dukiya ba, bai kuma ga abin da zai fito daga hannunsa ba. Alhali kuwa tun 1962 wani saurayi Bature a Landan, Brian Jones, saboda tsananin ƙaunarsa har ya laƙaba wa kansa Elmo Lewis, kuma ganinsa yana zamar da ƙarfe a kan jita ne ya jawo Mick Jagger da Keith Richards gare shi, aka kafa ƙungiyar Rolling Stones. Jeremy Spencer na Fleetwood Mac ya gina sunansa a kan kwaikwayonsa. Duane Allman ya ɗauki dabarar ya faɗaɗa ta. Jimi Hendrix ya riƙa kaɗa waƙarsa "Bleeding Heart". Sai a 1992, shekara 29 bayan an binne shi, aka shigar da sunansa zauren girmama magabatan kiɗan rok. Waɗannan almajirai da bai taɓa gani ba su ne suka cika filayen wasa, suka sayar da miliyoyin faifai, su ne kuma kaset ɗinsu ya gangaro kasuwannin Tamanraset, ya faɗa hannun samarin da ke gudun hijira. 'Yan Tinariwen sun sha faɗin cewa ba su ji buluz na asali ba sai da suka fara fita duniya bayan shekara ta 2000, amma sun ji Hendrix, sun ji Santana da Dire Straits. Watau sun karɓi riwaya daga almajiri ba tare da sun san shaihin ba.

Akwai masu gaggawar cewa ai buluz kayanmu ne da aka kwashe a jiragen bayi, ya komo gida. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma da ƙamshin gaskiya, amma tana bukatar a auna ta. Masani Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya danganta salon rera muryar da wannan yanki namu na Sudan ta tsakiya, har ya kwatanta shi da na masu goge Hausawa, amma ita dabarar zamar da kwalba a kan waya guda ya fi kai ta ga kayan kiɗan Afirka ta Tsakiya. Haka kuma makaɗan Abzin ba su cika sa kwalba a yatsa ba; da fatar yatsa suke samo zamiyarsu, suna dannawa suna saki da sauri, suna bin sawun anzad. Lokacin da Ali Farka Touré na Mali, wanda shi ma ya iya goge mai tsirkiya ɗaya, ya zauna da Ry Cooder, gwanin zamiya na Amurka, suka fitar da "Talking Timbuktu" a 1994, abin da aka ji shi ne 'yan'uwa biyu da suka tashi a gidaje dabam suna gane juna. Wani abu kuma da ya fi jini haɗa su shi ne talauci: Elmore James da wayarsa a bango, Ibrahim ag Alhabib da gwangwani da sanda da wayar birkin keke, Mdou Moctar na Abalak da katako da irin wannan waya, kowannensu rashin abin sayen jita ne malaminsa na farko, tsirkiya kaɗan kuwa ita ke koya wa mutum ya matse dukan abin da ke cikin amo guda kafin ya wuce zuwa wani.

Abdallah ya fi Elmore James rabo ta wannan fuska, domin Allah ya ja kwanansa ya ga 'ya'yan hannunsa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta watan Afrilu na 1995 ya komo gida, mutumin da a jiya ake ɓoye muryarsa a ƙarƙashin kujerar mota ya hau dandali a Yamai a bainar jama'a. A shekarar kuma ya ɗauki faifansa "Anou Malane" a ƙasar Benin tare da Nel Oliver. Daga baya ya buɗe makarantun koyon kiɗa a Arlit da Agadas, domin yaran da yaƙi ya bari ba sana'a su sami abin riƙewa wanda ba bindiga ba. Mdou Moctar, wanda iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba saboda addini, ya sha faɗin cewa ganin Abdallah ne ya sa shi ɗaura wayar keke a katako. Ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki "Anar" da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, yau kuwa ana lissafa shi cikin manyan masu jitar rok na duniya. Bombino, wanda aka haifa a Tidene a 1980, ya yi hijira zuwa Aljeriya yana yaro, ya ƙura ido ga bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a watan Janairu na 2010 don murnar ƙarewar tawaye na biyu, Dan Auerbach ya shirya masa "Nomad" a Amurka a 2013, kuma da "Deran" na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar lambar Grammy. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta ɗauki jitar da aka ce ta maza ce, ta mayar da ita kan bugun tende na iyayenta mata. Da Abdallah ya rasu a farkon 2020, kiɗan da ya fara a ɗakunan haya na baƙin haure ya riga ya zama abin da ake sanin Nijar da shi a ƙasashen da ba su san komai game da ita ba sai yuraniyom.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ba zan yarda in zama mai yi wa bara ƙarya ba. Zamanin kaset zamanin tsoro ne. Ba a bin hanyar Agadas zuwa Arlit sai cikin ayari da rakiyar soja. An tare fatake an kwashe dukiyarsu, an kama mutane saboda rawaninsu kawai, maƙwabta da suka yi shekaru suna musayar tuwo da cuku suka koma kallon juna da gefen ido. Daɗin da muke ji a cikin waccan shuu ta kaset, rabinsa daɗin abin da aka hana ne, kuma babu mai hankalin da zai roƙi Allah ya komo da hani don waƙa ta ƙara armashi. Yau saurayi yana rataye jitarsa ya ratsa shingen jandarma ba mai ce masa kanzil, yana ci daga bikin aure, yana ciyar da iyayensa, wani ma ya haƙa wa ƙauyensu rijiya da kuɗin da ya samo a Turai. Wayar nan ma da nake ƙorafi a kanta, ita ce igiyar rai ga dubban bayin Allah da ake kwasowa daga Aljeriya a zube su a kan iyaka, su tako kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamakka, 'yan Gini da 'yan Mali da 'yan ƙasarmu mata da yara. Wanda ya ga ɗayansu ya sami caji ya kira uwarsa, sa'an nan ya kunna waƙar garinsu ya kifa kai a gwiwa, ba zai sake raina wannan na'ura ba.

Amma kuma an yi hasara, kuma ba ƙarama ba. Na farko, an rasa sauraron tarayya, wanda shi ne yake sa dattijo ya tsayar da rikoda ya fassara wa yaro baiti, ya gaya masa wace rijiya ake nufi, wane kwari, wace shekara. Na biyu, kalma ta ja baya, yatsa ya wuce gaba: a gidan biki yanzu janareta na ruri, lasifika na tsage kunne, ana auna gwani da saurin hannunsa, a ƙasashen waje kuwa dubban masu tafi ba su fahimci ko kalma ɗaya ba, alhali waƙar tana magana ne a kan ƙishirwa da zalunci. A shekarar da COMINAK ta rufe, ranar 31 ga Maris 2021, ta bar ɗaruruwan magidanta ba aiki da tsaunukan dusar ma'adini a bayan Akokan, a shekarar Mdou Moctar ya fitar da "Afrique Victime", kuma ina shakka ko rabin masu rawa da shi sun tsaya sun ji ƙarar da yake kai wa. Na uku, wanda ya fi ciwo, uwar kiɗan tana ƙarewa: masu goga anzad sun zama 'yan ƙalilan, galibinsu tsofaffi, har UNESCO ta shigar da shi cikin gadon 'yan Adam a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, shiga littafi kuwa ba ya koya wa yarinya riƙe baka. In kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, wannan haka yake. Abin tsoro shi ne a wayi gari ba wanda ya san daga wane kiɗa aka sako.

Duk da haka ba na ɗora laifin a kan zamani, domin zamanin nan ya fi kowane zamani sauƙaƙa sanin isnadi ga mai himma. Mu a da sai abin da mai rikoda ya faɗa mana, in ya yi kuskure mu haddace kuskurensa. Yau kuwa yaron da ke zaune a Akokan, da wayar da ke hannunsa, yana iya jin Elmore James na 1951, ya bi shi zuwa Hendrix, ya ji "Anou Malane" da Sahel Sounds ta sake fitarwa a 2019, ya ga tsohuwa tana goga anzad a Hoggar, duka kafin shayi na uku ya tafasa. Kayan aiki sun samu, ladabin tambaya ne ya yi ƙaranci, shi kuwa ladabi ba a saye shi a kasuwa, daga babba yake gangarowa zuwa yaro. Saboda haka nauyin yana wuyanmu, mu da muka ga zamani biyu: tsofaffin direbobi da 'yan kasuwar Arlit da ke da akwatunan kaset a ƙarƙashin gado su fito da su kafin zafi da rairayi su gama cinye su, a kwafe, a rubuta sunan mai kiɗa da wuri da shekara gwargwadon abin da aka tuna, a kai ajiya inda ake adana irinsu, kamar cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni ko cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, gidajen rediyon Agadas da Arlit kuma, idan sun sa waƙar saurayi, su riƙa faɗin wanda ya koya masa.

Yaba kyauta tukwici, in ji magabata, tukwici kuwa yana da lokaci. Na Elmore James ya iso bayan ƙasa ta rufe idonsa da shekaru masu yawa. Abdallah ag Oumbadougou ya karɓi kaɗan daga nasa da hannunsa, sauran sai addu'a. Amma a Ingal da Iferwan da Timiya da tantunan Azawak har yanzu akwai tsofaffi mata da suka san yadda ake ɗaura izga a kan ƙwarya, a Maradi da Damagaram da Katsina kuma akwai masu goge da gurmi da duniya ta juya wa baya, dukansu suna raye, suna ji, suna iya koyarwa. Wanda jita ta kai shi Landan da Shikago, haƙƙi ne a kansa ya komo ya durƙusa a gabansu, ya kai musu abin da ya sawwaƙa, ya kawo ƙanwarsa ta zauna ta koya, sa'an nan idan ya hau dandali a ko'ina cikin duniya ya ambaci sunayensu da babbar murya kafin ya taɓa tsirkiya. Wannan bashi ne da har yanzu ana iya biyan masu shi hannu da hannu, jinkirin biyan bashi kuwa ga mai hali, malamai sun gaya mana, zalunci ne.